Rasuwar Dorina, Motar Soja Mai Iyo, a Mashigin Katagum

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da jiki mai cike da gajiya, ni Mohammed Zarami na Azare, a madadin iyalan gidanmu na Majen Tudu, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar motarmu, tsohuwar motar soja mai tafiya a tudu da ruwa, wadda mutanen Katagum suka fi sani da Dorina. Ta rasu ranar Talatar da ta wuce da hantsi, cikin wannan wata na Agustan 2007, a tsakiyar kogin Jama'are, daidai mashigin da ke ƙasa da garin Katagum, a gaban sojoji da masunta da 'yan kallo. Shekarunta sun kusa arba'in. Ba a rasa rai ko ɗaya tare da ita ba, kuma mun gode wa Allah a kan haka.

Limamin mashigi ya ja mana kunne cewa ƙarfe ba ya shiga addu'ar mamata. Mun ji, mun bi. Wannan sanarwa ce kawai.

Ga wanda bai san marigayiyar ba, doguwa ce, koriya, mai taya shida. Cikinta irin na jirgi ne, a bayanta kuma akwai farfela. A kan titi ba ta da sauri, har masu babur sukan wuce ta suna ɗaga mata hannu. Amma idan ta iso bakin kogi, inda kowace mota ke tsayawa a sauke fasinja, ita sai ta sunkuyar da kai ta shige.

An haife ta a wata masana'anta a Turai, ta iso ƙasar nan ta tashar jiragen ruwa ta Legas jim kaɗan bayan an gama yaƙin basasa. Saboda haka ba ta taɓa ganin yaƙi ba. Aikinta a soja shi ne atisayen tsallake ruwa: a loda mata kurata da bindigogin da ba harsashi, ta gangara kogi, ta haye, su diro su kame tsallaken da babu abokin gaba a cikinsa, sannan ta dawo da su a sake daga farko. Ta yi wannan a Binuwai, ta yi a Neja, ta yi a tafkunan da ba mu san sunayensu ba. Direbanta, Kofur Jalo mai ritaya, wanda ya fara riƙe sitiyarinta tun yana saurayi, ya shaida cewa ya daina ƙidaya sau nawa suka ci tsallaken Binuwai da yaƙi, kuma kullum washegari sai an ce a sake cinsa.

Ta bar aiki a shekarar 1999, shekara ɗaya da Kofur Jalo. Shi aka ba shi takardar sallama, ita aka sa ta a gwanjo. Shi ne ya zo har Azare ya same ni da labarinta, domin ya san halin da gidanmu ke ciki, kuma dole in faɗi halin a nan, in ba haka ba mai karatu zai ɗauka sha'awa ce ta sa ɗan jarida ya sayi motar yaƙi.

Majen Tudu ƙauye ne tsakanin rassan kogi biyu. Da rani kogin yashi ne, amalanke ma tana haye shi. Da damina kuwa ƙauyen tsibiri ne, ba shiga ba fita sai a kwale-kwale. A daminar 1988 kwale-kwale ya kife da mahaifinmu da wasu 'yan kasuwa. Aka sami gawarsa, aka binne shi a bayan gidanmu, ƙarƙashin itacen maje. A ranar mahaifiyata, Hajiya Gumsu, ta rantse da Allah ba za ta ƙara sa ƙafa a jirgin ruwa ba. Malamai sun sha gaya mata cewa irin wannan rantsuwa tana da kaffara, ta ciyar da miskinai goma ta huta. Ta saurare su da ladabi, ta ba su goro. Mun roƙe ta ta dawo Azare da zama, ta ce ba ta barin mutum shi kaɗai a gindin maje. Haka ta riƙa rufe kanta kowace damina har ciwon suga ya kama ta, likita ya ce yana son ganinta duk wata, da ruwa da babu ruwa.

Ranar da Dorina ta iso Katagum, Hajiya ta ƙi shiga sai an kira Liman. Ya zagaye motar sau biyu, ya ƙirga tayoyin da sandarsa, ya sa aka danna masa hon.

"Malam Mohammed, wannan mota ce," in ji shi. "Tana da taya, tana shan mai, tana da direba. Idan ta ga dama ta shiga ruwa, wannan tsakaninta da ruwan."

Hajiya ta ce, "To, a shimfiɗa mini darduma a gaba. Kuma kai Kofur, ba soja ka ɗauko ba."

Tun daga lokacin marigayiyar ta yi damina takwas tana wannan aiki ba ta taɓa saɓa rana ba.

Halinta sananne ne. Ba ta tashi da safe sai ta yi tari, kyaf, kyaf, sannan ta yi shiru kamar ta fasa, sannan ta ɗauka da gurnani har kaji su watse. Hon ɗinta kukan saniya ne mai mura. A cikin ruwa famfon da ke zuƙe abin da ya shigo cikinta yakan riƙa cewa ɓut, ɓut, ɓut, kuma matan Majen Tudu sun saba su yi gyangyaɗi da wannan sauti. Ba ta zaɓen fasinja. Ta ɗauki masu naƙuda, ta ɗauki gawa, ta ɗauki buhunan albasa, ta ɗauki malaman zaɓe da akwatunansu, ta taɓa ɗaukar bijimi ba da son ransa ba. Aibinta ɗaya, kuma ba za mu ɓoye ba: tana shan mai kamar ba saye ake yi ba.

Likitanta shi ne Chima mai kayan gyaran mota na Azare, wanda ya fi shekara ashirin a garin. Duk abin da aka kai masa nata sai ya juya shi a hannu ya ce, "Maigida, wanda ya ƙera wannan ma ya mutu. Amma bari in tambayi kasuwar Anacha." Wani lokaci Anacha ta amsa. In ba ta amsa ba, sai ya yanko robar tayar tirela ya sassaƙa ta da wuƙa har ta zauna.

Kofur Jalo kuwa bai taɓa sakin horon bariki ba. Kafin ta taɓa ruwa sai ya sauko ya zagaye ta yana kiran abubuwa uku da ƙarfi, toshiya, famfo, roba, yana buga kowanne da tafin hannu, ko da ba kowa a wurin sai awaki. Kuma kowace shekara kafin kogi ya kawo yakan yi mata gwajin ruwa. A tsayar da ita a tudu, a kwashe komai daga cikinta, a ɗebo ruwa a bokitai a cika ta, shi kuma ya kwanta a ƙarƙashi yini guda yana jiran ɗigo. Inda ruwa ya fita ta nan zai shigo. Bana ne kaɗai ba a yi wannan gwaji ba.

Ga yadda ciwon ajalinta ya faro. Da rani marigayiyar ba ta da aiki, tana tsaye a ƙofar gidan Kofur Jalo an rufe ta da tamfol. Tun shekarar farko maƙwabta suka lura cewa gara ba ta cin ƙarfe, ɓarawo kuma yana jin nauyin motar soja, sai ta zama rumbun unguwa. Wannan ya kawo gero, wancan ya kawo wake, kuma duk mai kaya yakan kwashe nasa da ruwan farko. Bara da kaka Alhaji Bappayo, mahaifin matata Zinatu, ya cika ta da buhunan gyaɗa har baki. Ruwan farko ya sauka, na biyu ya sauka, Alhaji yana jiran kasuwa ta tashi.

A ƙasar nan mutum ba ya tsayawa gaban surukinsa ya ce masa kwashe kayanka. Saƙon ya bi hanyar da irinsa ke bi. Kofur Jalo ya gaya mini, na gaya wa Zinatu, Zinatu ta gaya wa mahaifiyarta, mahaifiyarta ta ce za ta nemi lokacin da ya dace. Da aka ji shiru sai Kofur ya sa babbar riga ya tafi gaisuwa da kansa. Bayan an tambayi iyali da shanu ya ce, "Alhaji, ruwa fa ya fara zuwa."

Alhaji ya ce, "Alhamdu lillahi. Allah ya sa mai albarka ne."

Kofur ya amsa da amin, ya sha furarsa, ya dawo.

Kogi ya kawo a ƙarshen Yuli. A tsakanin nan wani ƙurji ya fito wa Hajiya a tafin ƙafa ya ƙi warkewa. Magani ana aika mata a kwale-kwale, amma ƙafa ba a aika ta. Likita ya aiko cewa irin wannan ciwo ga mai suga ba ya jira, in aka yi sakaci ƙafar ce za ta tafi. Hajiya ta fara sa a kawo ta bakin ruwa kowace safiya a amalanke, ta zauna da lemarta da jakarta tana duban wannan tsallake.

Ana cikin haka wata rundunar soja ta sauka a mashigin domin atisayen tsallake ruwa, da manyan motoci da jiragen roba. Shugabansu wani kyaftin ne matashi mai ladabi. Ya hangi tayoyin marigayiyar ta ƙarƙashin tamfol, ya sa aka buɗe, ya daɗe yana kallo.

"Baba Kofur, a hoto kaɗai na taɓa ganin irinta. Tana tashi?"

"Tana tashi, yallaɓai."

"To ka bari yaran nan su ga yadda ake yi a da."

Ya juya ya ce a sauke kayan da ke ciki. Abin da ya gagari dangi wata biyu sojoji suka gama shi kafin shayi ya huce, domin Alhaji ba surukinsu ba ne. Suka jera buhunan a gindin katanga. Shaidu sun ce ɓerayen da suka fito daga ƙarƙashin buhunan ƙarshe suna da yawa, kuma duk sun yi ƙiba.

Kofur Jalo ya nemi a ba shi yini guda ya yi gwajin ruwa. Kyaftin ya ce, "Yadda ka gani, Baba, kai ne mai ita." Ba wanda ya matsa masa, kuma muna so a san haka. Kofur ya gangara bakin kogi, ya hangi lemar Hajiya a tsallake, ya dawo ya ɗauko tsohuwar hularsa ta soja. Ya ce za a haye da sojoji, a dawo da Hajiya. Ya zagaya ya kira toshiya, ya kira famfo, ya kira roba, duk suka amsa. Robar da ɓeraye suka cinye tana ƙarƙashin daɓe, inda sandar farfela ke fita, wurin da hannu ba ya kaiwa sai ruwa.

Ta yi tarinta, ta yi gurnani, ta shiga kogi da kyau kamar yadda ta saba, sojoji na tafi. Sun wuce rabi lokacin da muryar famfo ta sauya. Ɓut, ɓut ya zama ɓut kaɗai, sannan wani ƙoƙƙoƙƙo kamar mai shaƙewa, sannan shiru. Ruwa ya kai idon sawu. Kofur ya ba da umarnin fita da kalmomin da ya koya wa kurata shekara da shekaru, kuma wannan ne karo na farko da ya faɗe su da gaske. Sojojin suka fita a jere, jiragen roba suka kwashe su. Shi ya ƙi tashi daga kujera har sai da kyaftin ya matso da jirgi ya ce, "Kofur, umarni ne. Fito."

Injin ya yi tari ɗaya ya mutu. Marigayiyar ba ta kife ba. Ta sauka a hankali ta zauna a kan yashi, ruwa ya tsaya a gilashin gaba. Maganarta ta ƙarshe ita ce ɓulul, ɓulul, daga salansa. Hajiya tana tsallake tana kallo daga fari har ƙarshe.

An yi iya ƙoƙari. Sojoji sun ɗaura mata igiyar ƙarfe sun ja da babbar motarsu, igiyar ta tsinke, suka ƙulla ta sake tsinkewa. Kyaftin ya haye da kansa ya durƙusa gaban Hajiya ya ce ga jirgin roba nan, zai tuƙa ta da hannunsa.

Ta ce, "Yana da taya, ɗana?"

"Babu, Hajiya."

"To ka gaida mutanen gida."

Ranar Alhamis lokacin sojojin ya cika. Kafin su tafi suka yi layi a bakin ruwa suka sara wa marigayiyar. Muna gode musu. Chima ya iso daga Azare washegari, aka kai shi a kwale-kwale, ya naɗe hannun riga ya zura hannu har kafaɗa, ya fito da ɓawon gyaɗa cike da tafinsa. Ya duba injin ya ga ya sha yashi. Ya ce, "Maigida, wannan karon ba zan tambayi Anacha ba."

Marigayiyar ta bar Kofur Jalo, wanda har yau yake zuwa mashigin kowace safiya da hularsa ya zauna. Ta bar tayar safaya guda da tamfol guda. Ta bar ɓerayen da ta raina, waɗanda suka koma gidajen maƙwabta ba tare da sun zo gaisuwa ba. Ta bar mutanen Majen Tudu, waɗanda suka koma jiran kwale-kwale. Ta bar Hajiya Gumsu a tsallaken kogi.

Masu ta'aziyya sun zo daga Gamawa da Gololo da Yana, mun gode. Masu tambayar yadda aka yi, ga shi mun rubuta, muna roƙon a rage tambaya. Alhaji Bappayo ya zo ranar Asabar, ya zauna a zaure ya daɗe, ya ce Allah ya mayar da alheri, na ce amin. Ba wanda ya ambaci gyaɗa. Da yamma ya aiko da buhun shinkafa da tunkiya ba tare da ya ce na mene ne ba.

Ranar Lahadi na haye na iske Hajiya a ɗaki, ƙafar ta kumbura har ƙauri. Na zauna, ban kawo maganar ba, domin na kawo ta shekara goma sha tara ba ta yi amfani ba. Ita ce ta fara.

"Motar nan ba za ta tashi ba ko?"

Na ce ba za ta tashi ba.

"Kofur yana cin abinci?"

Na ce kaɗan.

Ta dubi tagar da ke kallon itacen majen. Sannan ta ce, "Ka gaya wa Liman a dafa na mutum goma. Amma sau ɗaya zan shiga abin nan. Idan na haye, na haye."

Na tambaye ta gidan fa. Ta ce in sayo kwaɗo mai kyau.

Saboda haka ga tsarin jana'iza. Ba za a binne marigayiyar ba. Za ta zauna inda take har ruwa ya janye bayan kaka, kuma sarkin ruwa ya kafa gora mai jan ƙyalle a kanta domin masu kwale-kwale su kauce. 'Yan gwangwan, masu sayen tsohon ƙarfe, da suka fara zarya gidana da ma'auninsu muna roƙonsu su dakata har ta fito fili. Yara su daina hawa kanta suna tsalle cikin ruwa.

Ranar Juma'a mai zuwa, bayan an sauko daga masallaci, za a ciyar da miskinai goma a bakin mashigi. Wannan ba sadakar marigayiya ba ce, Liman ya riga ya yi bayani. Kaffarar rantsuwar Hajiya ce. Idan an gama, sarkin ruwa zai haye da babban kwale-kwalensa ya ɗauko ta, Kofur Jalo zai zauna kusa da ita, mota kuma tana jira a wannan tsallake ta wuce da ita asibiti a Azare. Muna roƙon jama'a kada a cika bakin ruwa, kada a yi tafi, kada kowa ya yi mata barka.

Masu son yi mana gaisuwa daga ranar Asabar su same mu a gidana na Azare, bayan tsohuwar tasha. Kada kowa ya wahalar da kansa zuwa Majen Tudu. Gidan zai kasance a rufe.

Mohammed Zarami,
a madadin iyali.